Barewar da Sarki Ya Harba

An ce wani sarki ne a zamanin da, wanda Allah ya hore wa iya harbi da baka, har maharban ƙasarsa suna jin kunyar jan tsirkiya a gabansa. Bai taɓa shafa wa kibiyarsa dafi ba, domin a ganinsa dafi na wanda bai amince da hannunsa ba ne. Yana da wani daji mai faɗi da ya keɓe don farauta, can yake fita in zaman fada ya gundure shi.

Wata safiya a ƙarshen damina ya fita da jama'arsa, sai ya hango barewa tana kiwo a ƙarƙashin gawo. Ya ɗana kibiya, ya auna bayan kafaɗarta, ya saki. Daidai lokacin ta zabura, kibiya ta same ta a cinya. Ta yi tsalle ɗaya, ta faɗa cikin ciyawa, ba a ƙara ganinta ba.

Fadawa suka ce, "Ranka ya daɗe, hannunka bai kuskure ba, iska ce ta yi rashin kunya. Bar ta, kuraye sa ƙarasa. Daji cike yake da irinta."

Sarki ya ce, "Ba za a ce an ga barewa tana yawo da kibiyata a jikinta ba." Kunya ce ta sa shi faɗin haka, tausayi bai riga ya zo ba. Ya sauka daga doki, ya hana kowa binsa sai wazirinsa, wani dattijo mai ƙiba da bai saba tafiyar ƙasa ba.

A inda ta tsaya suka sami gashi kaɗan da ɗigon jini. Waziri ya ce su yi sauri, sarki ya ce a'a, dabba mai rauni in an matsa mata sai ta yi nisa, in an ƙyale ta sai ta kwanta. Suka zauna har rana ta ɗaga, sannan suka bi. Jinin yana jikin ganye daidai gwiwa, wani wurin kuma a ƙasa, tururuwa sun taru a kansa. Sawu uku sun fito sarai, na huɗu ja ne kawai a cikin yashi. Can suka tarar da ciyawa ta kwanta, jini ya taru a tsakiya. Sarki ya sa hannu ya ji wurin da sauran ɗumi. Ya daɗe a tsugune yana duban yadda ta yi ta juyi tana neman gefen da ba zai yi mata zafi ba, sai ya ji abin da bai taɓa ji ba a kan dabba.

Sawun ya ratsa ta cikin wani kufai, katangu sun zube, ciyawa ta tsiro a cikin murhu, ga turmi a kife gara ta cinye rabinsa. Sarki ya ce, "Garin wa ke nan?" Waziri ya ce, yana haki, "Wani tsohon ƙauye ne, ya sarki." Bai ƙara ba, sarki kuma bai sake tambaya ba, don idonsa na kan jini.

A kan fako sawu ya ɓace. Sarki ya ajiye bakansa a kan ɗigon ƙarshe, ya yi ta kewaya shi yana faɗaɗa zagaye, har ya sami wani ɗigo a kan dutse, ya nufi gangare wajen rafi. Bayan azahar suka fito bakin dajin, suka ga wata 'yar bukka da darni. Jinin ya shiga ta ƙofar darnin.

Sarki ya kutsa kai. Ga wani tsoho zaune a ƙasa, kan barewar bisa cinyarsa, yana ɗiga mata ruwa a baki daga ƙoƙo. Kibiyar na nan a jikinta, tana rawa duk lokacin da ta ja numfashi.

Tsoho ya ɗaga kai ya ce, "Maraba, ya sarki. Sunana Gwadabe. Ka gafarce ni, ba zan iya tashi ba, akwai mara lafiya a jikina."

Sarki ya ce, "Yaya ka san ni sarki ne?"

Ya ce, "Mai shiga gida ba sallama, ko ɓarawo ne ko sarki. Ɓarawo kuwa ba ya zuwa da dattijo a bayansa yana haki."

Sarki ya kusa yin dariya, amma ya daure ya ce, "Barewar nan tawa ce, malam. Ga kibiyata a jikinta."

Malam Gwadabe ya ce, "Ya sarki, da safe ta wa ce?"

"Ta daji."

"Me ka ƙara mata da ta zama taka?"

Sarki ya dubi kibiyar ya ce, "Ciwo."

"To, ɗauki abinka ka bar wa daji nasa. Ni na gwada, hannuna rawa yake yi. Kibiya mai kunne ce, ina tsoron in ƙara yaga ta."

Sarki ya durƙusa ya duba. Kibiyar ba ta taɓa ƙashi ba, bakinta ya kusa ɓullowa ta ɗaya gefen. Ya ce irin wannan ba a jan ta baya. Ya sa waziri ya riƙe ƙafafun, tsoho ya rufe mata idanu da tafin hannunsa yana yi mata magana a hankali kamar mai lallashin jika. Sarki ya karya kyauron, ya tura sauran har ya fita. Barewa ta yi wani ɗan kuka siriri, jikinta ya ɗauki ɓari, sannan ta lafa. Suka wanke raunin da ruwan ɗumi, suka shafa zuma. Da aka rasa abin ɗauri, sarki ya yage gefen rawaninsa ya ɗaure.

Ya zauna a ƙasa, hannuwansa duk jini, ya ce, "Malam, yaya aka yi dabbar daji ta kawo kanta ƙofarka?"

Tsoho ya ce, "Matata Tasalla ce ta tsince ta tana 'yar ƙarama, uwarta ta mutu. Da nonon akuya ta raine ta, a cikin garin nan da kuka ratso. Har yanzu in ta ji tsoro mutum take nema."

"Ina Tasalla yanzu?"

Ya nuna wani ɗan tudu a bayan bukka da aka kewaye da duwatsu. Ya ce, "Shekarar da aka keɓe dajin nan don farauta, aka zo aka ce sarki ya ce mu tashi, an ba mu wani wuri. Muka ɗauki kayanmu muka tafi. Wurin da aka ba mu ba ruwa, mun haƙa har mun gaji. Jama'a suka watse, kowa ya kama gabansa. Ni da ita muka juyo, a nan ƙafarta ta gaza. Ban iya barin ta ita kaɗai ba, shi ne na zauna."

Sarki ya juya ya dubi waziri. Waziri ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka ce a tashe su a ba su wuri, ya sarki. An tashe su, an ba su. Ba ka sake tambaya ba, ni ma ban je na gani ba."

Sarki ya tuna ranar. Yana kan doki ya faɗi maganar, bai ko ja linzami ba. Hawaye ya cika masa ido, ya ce, "Me ya hana ka zuwa fada ka kawo kuka?"

Malam Gwadabe ya ce, "Ya sarki, wanda aka harba ba ya komawa wurin baka. Gudu yake yi ya nemi inda zai kwanta. Yau ka bi dabba tun safe a ƙasa, ba ka bar ɗigo ɗaya ba ka duba ba. Na yi murna da na gan ka, domin na san mai iya wannan zai iya bin sawun mutane. Namu ya fi nata fitowa."

Sarki ya ce, "Ka yafe mini, baba."

Tsoho ya ɗora hannunsa a kan kafaɗar sarki ya ce, "Nawa na yafe tun da daɗewa, don ba ni da ƙarfin ɗaukar fushi. Na sauran kuwa, sai ka same su ka tambaya."

Sarki bai aiki kowa ba, da kansa ya fita. Ya bi mutanen ƙauyen gari gari, yana tambaya a kasuwanni da bakin rijiyoyi. Ya sami wasu suna ƙwadago a gonakin baƙi, wasu suna sayar da itace. Waɗansu suka yafe suka biyo shi, wata tsohuwa ta juya masa baya ta ƙi magana, ya tsaya a ƙofarta har ya gane ba za ta juyo ba, ya tafi. Waɗansu kuma kaburburansu kawai aka nuna masa. Waɗanda suka dawo ya taya su tada katangu, aka sake hura wuta a murhun kufai.

Barewa ta warke, tana ɗan ɗingishi, takan shigo gari da yamma ta ci harawa a hannun yara. Malam Gwadabe ya ƙi barin bukkarsa, sarki yakan zo ya zauna tare da shi a ƙasa kusa da kabarin Tasalla.

Daga nan kuma, duk wanda sarkin nan zai naɗa alƙali ko hakimi, sai ya riƙe hannunsa ya ce masa, "Kowa na iya yanke hukunci yana zaune. Adali shi ne wanda ya tashi ya je ya ga a jikin wa ya sauka."