Manomin da Ya Hutar da Bututunsa

A farkon rani, akwai wani manomi mai gonar albasa a kan tudu, ruwanta kuwa inji ke turo shi daga kogi ta bututun ƙarfe. Wata safiya ya ga danshi a inda aka yi wa bututun walda, sai ya kira tsohon mai waldar da ya haɗa shi.

Tsohon ya goge wurin, ya ga tsaga kamar silin gashi. Ya sa alli a bakinta biyu. Da ya dawo bayan mako biyu, tsagar ta wuce allin da tsawon ƙwayar gero.

Ya ce, "Maigida, ba nauyin ruwa ke cin ƙarfen nan ba. In ka tayar da inji sai ƙarfen ya miƙe, in ka kashe ya koma. Kowane tashi tsagar na yin gaba, tana ƙara tsawo tana ƙara sauri. Ba ni kwana uku in yanke wurin in sake."

"Kwana uku ba ruwa, Baba? Kai za ka ci busasshiyar albasar?"

"To, in sau ɗaya kake tayarwa a yini, zai kai ka damina. Ba zai wuce ba."

Manomin ya ji tausayin bututun. Ya ce a ransa, abin da ya gaji hutu yake so. Sai ya riƙa kashe inji bayan kowace sa'a, ya jira kaɗan, ya sake tayarwa, sau takwas a yini. Kafin albasa ta yi kai, bututun ya fashe.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Waldar ita ce inda Allah ya haɗa mutum biyu, miji da mata, ko 'yan'uwa cikin ikkilisiya. Tsagar kuwa ita ce laifin da ba a furta ba, ba a kuma gafarta ba. Yawancinmu ba ma iya jure kwana ukun tuba. Mukan ɗauke wa juna magana, mu ce bari zuciya ta huce, sa'an nan mu koma gaisuwa kamar ba komai. Muna kiran wannan haƙuri. Na ga gidajen da ba a taɓa jin babban faɗa a cikinsu ba, sun kuwa watse.

Da tsohon ya zo duba fasasshen bututun, ya bi tsagar da yatsa har taku huɗu. Ya ce, "Maigida, babu sauran inda zan kama." Ya ɗauki kayansa ya tafi. Albasar ta bushe a tsaye.