Malama da Ɗan Tsako

Akwai wata malama a wani ƙaramin gari na ƙasar Italiya, mai koyar da yara 'yan aji ɗaya. Ana tsakiyar shekara aka kawo mata wata yarinya baƙuwa mai suna Rahila, wadda iyayenta suka zo daga ƙasar Hausa neman aiki. Yarinyar ba ta jin ko kalma ɗaya ta Italiyanci.

A kwanakin nan malamar tana koya wa yara sunayen dabbobi. Takan ɗaga hoton jaki ta ce, "Asino," yara su amsa. Ta ɗaga na kyanwa ta ce, "Gatto," su amsa. Rahila kuwa tana can ƙarshen benci, bakinta a rufe. Malamar ta ɗaga murya, ta maimaita a hankali, ta yi alkawarin alewa, duk a banza.

Da abin ya daɗe, shugaban makaranta ya kira malamar ya ce, "In Rahila ba ta buɗe baki kafin hutu ba, za mu mai da ita ajin renon yara."

Wata rana malamar ta ɗaga hoton ɗan kaza, ta ce, "Pulcino." Cikin amsar yara sai ta ji wata 'yar murya daban. Rahila ce, idonta a kan hoton, tana cewa a ƙasa-ƙasa, "Ɗan tsako."

Malamar ta bar gaban allo, ta je ta durƙusa kusa da ita, ta gwada faɗin kalmar: "Dan sako?"

Yara suka tuntsire da dariya ganin malamarsu a ƙasa tana kame-kame. Rahila ta girgiza kai ta ce, "A'a! Ɗan tsako." Malamar ta sake gwadawa, ta sake kuskurewa, harshenta ya ƙi lanƙwasuwa, amma ba ta tashi ba. Can yarinyar ta tausaya mata, ta ɗora yatsa a kan hoton, ta ce, "Pulcino." Kafin hutu tana amsa sunayen dabbobi tare da sauran yara, aka bar ta a ajinta.

Ga ma'anar wannan misali. Yarinyar nan mu ne, baƙi waɗanda ba su jin harshen sama. Malamar kuwa tana nuna mana Ubangiji Yesu. Bai tsaya daga nesa yana kiranmu da ƙarfi ba. Ya sauko, ya ɗauki jikinmu, ya yi magana da bakinmu, ya jure ba'a, kafin ya koya mana mu kira Allah Uba.

To, ku ma kuna da wanda ya yi shiru a kusa da ku: sabon yaro a aji, baƙo a ikilisiya, maƙwabci mai wani yare. Kada ku jira sai ya iya maganarku. Ku tashi daga kujerarku ku je wurinsa, ko da za a yi muku dariya.