Tsagar Ganyen Bado

Dalilin da ya sa ganyen bado yake da tsaga, irin wanda kuke leƙe ta ƙarƙashin gadar katakon nan, tsohon zance ne. Ku dai matso tsakiya tukuna.

A da can babu bado, babu gada. Fadama shimfiɗe take kamar madubi, gajimare na kiwo a cikinta. A bakinta akwai wata mai saƙar faifai, Tasalla, da 'yarta ɗaya tilo, Lantana.

Wata safiya Lantana ta bi fararen balbelu zuwa wani tudu a tsakiyar fadama. Kafin azahar ruwa ya sauko daga gabas a hankali, ba ko ƙara, ya kewaye tudun. Tasalla ta fito ta hango yarinyar can nesa, ƙarama kamar tsuntsu, ƙasa na ƙarewa a ƙafarta. Masu kwalekwale duk sun tafi kamun kifi.

Ta ruga ɗaki ta kwaso faya-fayan da ta tara, ta ɗora ɗaya bisa ruwa ta taka. Ya nutse. Na biyu ma haka. Sai ta durƙusa ta roƙi ruwan don Allah ya ɗauke ta.

Ruwa ya ce, "Baiwar Allah, saƙarki ta yi kyau da yawa. Ko allura ba ta wucewa. In kin rufe mini fuska, da me zan ga sama?"

Ita da ba ta taɓa barin ko ƙofa ɗaya a saƙarta ba, ta zaro wuƙa ta tsaga faifan tun daga baki har cibiya. Ta ɗora, ta taka, ya tsaya. Haka ta riƙa yi, tana tsagawa tana takawa, kifaye na leƙo ta ta tsagar, har faifai na ƙarshe ya kai ta tudun. Ta tarar ruwa ya kai wa Lantana gwiwa, tana ta kallon balbelu abinta.

Ta goya ta ta juyo. Duk faifan da ta ɗaga ƙafa daga kansa sai ya zama kore, ya sa saiwa.

Shi ya sa har yau ba za ku ga ganyen bado ba tsaga ba. Amma uwa ɗaya ya ɗauka, sau ɗaya. Ku taka katako, ku ba ni hannu.