Malcolm da Zaren Ƙugiya

A wani ƙauyen masunta da ke bakin teku a arewacin Ingila an yi wani mutum mai suna Malcolm Archbold. Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa, shi kuma ya ɗora mata girman kai. Haifaffen ƙauyen ne, amma tun yana saurayi ya tafi birni karatu, bai dawo da zama ba sai da ya yi ritaya. Ya dawo yana toshe hanci in ya bi ta wurin kwale-kwale.

Gwanintarsa ita ce wasan jera haruffa a kan allo, inda kowa ke haɗa kalma ya ci maki. Yana da littafin da ya rubuta kalmomin Turanci rukuni-rukuni. Masu harafi biyar da suka fara da S, da O biyu a tsakiya, ga shafinsu. Masu harafi shida da suka ƙare iri ɗaya, ga nasu. Ya haddace su kaf. Wallahi in yana zubo su sai ka saki baki. Amma ka tambaye shi ma'anarsu, ko oho.

Mutanen ƙauyen na da ƙungiyar wasan, suna haɗuwa duk Asabar da la'asar a zauren coci, ga shayi ga biskit. Suna da doka tun zamanin iyayensu: in ka ajiye kalma, abokin wasanka na iya cewa, "Mece ce?" In ka kasa faɗa, ka kwashe haruffanka, wannan zagayen ya wuce ka.

Wannan doka ta tsaya wa Malcolm a rai.

"Ai wannan ƙauyanci ne," ya ce wata Asabar a gaban kowa. "A manyan gasa wa yake tambayar ma'ana? Kalma tana cikin ƙamus ko ba ta ciki, shi ke nan."

Shugabar ƙungiyar, Doris Handyside, tsohuwa ce mai shekara tamanin da huɗu, yatsunta duk sun lanƙwashe. Ta dube shi ta saman tabarau.

"To, ɗan Bella, mu buga ni da kai Asabar mai zuwa. In ka cinye ni kujerar taka ce, ka soke dokar a ranar."

Bella ita ce mahaifiyarsa, ta daɗe da rasuwa. Ba ya son a kira shi da sunan, don yana tuna masa da gidan da ya taso, mai ƙarnin kifi.

"Anti Doris, kada ki ce ban tausaya miki ba," ya ce yana dariya.

"Tausaya wa kanka. Ka zo da hankici."

Ranar Asabar zauren ya cika. Norman Rowell, tsohon ɗan sandan ƙauyen, shi ne alƙali, ya zauna da ƙamus a cinya. Malcolm ya fara da wayo, ba ya ajiye kalma sai wadda ya san ma'anarta, ya kuwa yi gaba da maki.

Doris ba ta gaggawa. Ta ajiye stook. Malcolm ya san kalmar, tana shafinsa na S da O biyu. Don ya kunyata ta ya ce, "Mece ce?"

"Dammunan hatsi da ake tsayarwa a gona, su jingina da juna su bushe. Na yi ta tsayar da su ina yarinya, ƙaiƙayi har cikin riga."

Norman ya buɗe ƙamus, ya gyaɗa kai. Can gaba ta ajiye sloop, ya sake tambaya. Ta ce jirgin ruwa ne mai sanda ɗaya ta rataya filafili, irinsa ne teku ta tafi da kakanta a ciki. Malcolm ya ji wani iri. Shekara talatin kalmomin nan suna kansa a jere kamar kwalabe a kanta, bai taɓa tunanin akwai abu a cikinsu ba.

Da wasa ya zo ƙarshe, tsohuwa ta sha gabansa da maki goma sha ɗaya. Ya dubi haruffan da suka rage masa, ya dubi allo. Ga O biyu a jere, ga fili gaba da baya. Nan take shafin ya buɗe a kansa. Kalma ɗaya ce za ta ba shi nasara, kuma bai san ma'anarta ba. Zuciya ta ce masa, ajiye da ƙarfin hali, wa ya isa ya tambaye ka? Ya ajiye snood, ya harɗe hannu.

Doris ta daɗe tana kallon kalmar. Da ta yi magana, muryarta a sanyaye take.

"Mece ce, Malcolm?"

"Tana cikin ƙamus. Norman, duba."

"Na san tana ciki," in ji Norman. "Ma'ana aka tambaye ka, ranka ya daɗe."

Malcolm ya buɗe baki. Abin da ya zo masa kawai maƙwabtanta ne a shafi, ta sama da ta ƙasa. Gumi ya keto masa.

Norman ya fara juya shafi, Doris ta ce, "Rufe littafin nan." Ta zaro ulu daga jakar saƙarta, ta ɗauko fil ɗin gashi ta lanƙwasa shi kamar ƙugiya. Yatsun nan da da kyar suke riƙe kofin shayi suka juya sau biyu, sai ga ƙulli ya zauna daram.

"Ka ga wannan ɗan guntun zaren? Shi ne. Shi ke haɗa ƙugiya da doguwar igiyar kamun kifi. Igiyar babanka tana da irinsa fiye da dubu. Kullum da sassafe ni da uwarka muke zama a ɗakin girkinku, mu warware su ɗaya bayan ɗaya, mu sa wa kowace ƙugiya abincin kifi, hannu na tsagewa don sanyi. In ka matso sai ta kore ka. Ta ce, je ka ga littafinka, hannun ɗana ba zai yi ƙarni ba."

Ta ɗaga zaren, ta ci gaba.

"Shekara ashirin tana riƙe da wannan kalma a hannunta don kai ka yi karatu. Kai kuwa ka haddace ta ba ka ko gane ta ba."

Malcolm ya tuna hannun mahaifiyarsa, jajur, duk tabo, tana ɓoye shi a aljihun riga ranar da ta raka shi tashar jirgi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya kwashe haruffansa ɗaya bayan ɗaya. Kujerar shugabanci ta kuɓuce masa, doka ta zauna. Ashe bai zo da hankicin ba. Doris ta miƙa masa nata, ta danƙa masa zaren a tafin hannu.

Darasin wannan labari shi ne, haddar da babu fahimta ba ilimi ba ce, tarin kaya ne kawai. Duk kalmar da ka ji a bakin mutane, akwai waɗanda suka yi gumi a kanta kafin ta shiga littafi. Kada yawan karatu ya sa ka raina masu aikin hannu, musamman waɗanda wahalarsu ce ta kai ka makaranta. Ka tambaye su ma'anar abin da suka sani tun suna raye.