Yadda Biri Ya Rage Wa Kekensa Nauyi

Ga ta nan, ga ta nanku, yau kuma a kan keke ta zo.

Ta jingine shi, ta zo mu ji ta.

Biri ne da kekensa. Kullum da safe sai ya ɗauko jarkar madara daga ruga, ya kai wa Raƙumi mai shayi a bakin tasha. Da wannan aiki yake ci da iyalinsa. Agwagwa ma hanyarta ke nan, ita ƙwai take kai wa Raƙumin. Tare suke barin ƙauye, rana tana ɓullowa.

Da an hau titi sai Biri ya duƙa, ya yi ta taka feda kamar an biyo shi da sanda. Fiuu! Ya wuce Agwagwa, ya waiwayo.

"Inna, tuƙi kike yi ko gyangyaɗi?"

"Sauka lafiya, ɗan nan," in ji ta.

Amma in ya iso tasha, sai ya tarar an soye ƙwanta, har an wanke kasko.

Ran nan Raƙumi ya leƙo shi daga can sama. "Malam Biri, direbobi sun sha baƙin shayi sun tafi suna zagina. Na ba ka kwana uku. In ba ka riga motar farko tashi ba ko sau ɗaya, jarkar nan ta bar hannunka."

To, ku ji yadda tafiyar Biri take. A gindin tsamiya akwai majalisar Baba Bunsuru. Kun san mai keke ba ya wuce dattijo a zaune, sai ya sauka ya durƙusa. Biri kuwa in ya durƙusa ba ya tashi. An kwana lafiya, ina gajiya, yaya iyali, daga nan sai labarin yadda ya taɓa tsere wa babbar mota. Tsofaffi su ce, "Kai, jirgi!" Shi kuma ya ƙara wani. Gaba kaɗan ga mai rake, gudu kuma ya busar masa da maƙogwaro. Gaba kuma ga tudu, inda numfashinsa yake ƙarewa, ya kwanta a inuwa yana haki. In ka tambaye shi sai ya rantse bai tsaya ko'ina ba.

Da jin gargaɗin Raƙumi, sai Biri ya tafi wurin Dila mai gyaran keke. Dila ya latsa taya, ya ji ta laushi tiɓis kamar nunannen tumatir. Ya dubi sarƙa, ta bushe ƙamas. Bai gaya wa Biri ba, don yana da wani ƙwarangwal ɗin keke a bayan rumfa da yake neman kayan haɗawa.

"Ranka ya daɗe, ƙafa irin taka babu ita a ƙasar nan. Nauyi ne ya yi wa keken yawa. Ƙararrawa da kariyar ɗaukar kaya, me jarumi zai yi da su?"

"Cire!" in ji Biri.

Washegari ya goya jarka a baya kamar jariri. Ya wuce Agwagwa. Tumaki suka tare hanya, ba ƙararrawa, sai da ya sauka ya kore su. Ya gaida Baba Bunsuru, ya sha rake, ya kwanta a tudu. Ya iso, mota ta tashi.

Raƙumi ya ce, "Ɗaya."

Ya koma wurin Dila. Dila ya girgiza kai. "Sirdi ne. Zama na masu ƙwai ne. Namiji a tsaye yake tuƙi."

"Cire!"

Washegari ya yi ta tuƙi a tsaye, jarka tana dukan bayansa. Tun kafin tsamiya cinyoyinsa suka fara rawa. Gaisuwar ranar ta fi ta kullum tsawo, don durƙuson ya yi masa daɗi. Yana nan sai ga Agwagwa, ƙir, ƙir, ƙir, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ta kaɗa ƙararrawa, ta rusuna a kan kekenta.

"Baba, ƙwan mutane ne a bayana. Gaisuwa tana nan tafe da la'asar!"

"Allah ya kai mu, 'yar albarka," in ji Baba Bunsuru. Ya san za ta zo, har da goro.

Ranar Raƙumi ya ce, "Biyu."

A hanyar komawa Biri ya tare Agwagwa. "Inna, tsakaninki da Allah, wane malami ne ya yi miki aiki?"

"Malamina famfo ne. Kullum ina ba taya iska, ranar Juma'a in ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Ina tafiya yadda zan iya waƙa ban yi haki ba. Ƙafata kuma ba ta taɓa ƙasa sai a tasha."

Biri ya kwashe da dariya. "Shi ke nan? In ba za ki faɗa ba, ki ce ba za ki faɗa ba."

Ya zarce wurin Dila. Dila ya zagaya keken sau uku, don abin cirewa ya kusa ƙarewa. Can ya tafa hannu.

"Na gano ɓarawon! Birki. Ka taɓa jin abin da aka ƙera don tsayawa ya taimaki mai sauri?"

"Wallahi ban taɓa ji ba. Cire!"

Rana ta uku Biri ya fito kamar harsashi. Ya zo tsamiya zai tsaya, keke ya ƙi. Ya wuce tsofaffi ko sallama babu, suna kiran, "Ɗan wa ye wannan marar kunya?" Ya wuce mai rake. Tun da bai tsaya ba, har ya haye tudu, abin da bai taɓa yi ba. Ya hango tasha, ga motar farko ana ɗaura mata kaya.

"Yau na riga ta!"

To, bayan tudu me ke akwai?

Gangara!

Keke ya kwasa. Biri ya matsa inda birki yake, iska ya matsa. Ya nemi zama, ba sirdi, sai ya faɗa kan tayar baya tana juyawa. Ƙiiii! Ya saki ihu, ya dira ƙasa, ya ƙarasa gangarar a kan ɗuwawunsa. Ya wuce teburin shayi, ya wuce mota, sai cikin kwata. Jarka ta fashe, madara ta bi rariya.

Raƙumi ya miƙo wuya. "Ka iso da wuri, Malam Biri. Ina madarar?"

Can sai ga Agwagwa, ƙir, ƙir, ƙir, ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Tun daga ranar ita ke kai madara, ita ke kai ƙwai. Dila kuwa ran kasuwa ya fito a kan sabon keke, da sirdi da birki da kariya, har ya kaɗa wa Biri ƙararrawa.

Shi ya sa har yau ɗuwawun Biri ba gashi, kuma ya bar titi ya koma bisa itace. Mai son isa da wuri, ya rage tsaye-tsaye, ya bar wa keke kayansa.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ba don tayata ta sace ba, da na goya ku duka mun je kun ga kwatar da idonku.