Randunan Ramin Dankali

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a ƙauyukanmu na bakin Kogin Rawaya, mai sayar da taliyar da ake ja da hannu. Sahun farko yake sallah. Amma tun ranar da ya ɗanɗana giyar sha'ir a wani biki na mutanen kan tudu, zuciyarsa ba ta sake zama wuri ɗaya ba. Kunyar saye yake ji, sai ya ce bari ya dafa abinsa a gida.

Ya tafasa sha'ir, ya barbaɗa yisti tun yana tururi. Abu ya kwanta shiru, ko kumfa bai yi ba. Ya sake dafawa, wutar ta yi yawa, ya ƙone. Na uku ya yi tsami, ko akuya ta ƙi shi. Ashe ba Allah ne yake rufe masa ƙofa ba? Da mai hankali ne, da nan ya tsaya.

Shi kuwa sai ya hau tudu wurin tsohuwa Yangzom, wadda ta tsufa a dahuwar giya.

"Inna, me ya sa tawa ba ta tashi?"

Ta yi dariya har da tari. "Kai mai farar hula, limaminku ya san ka zo? Ka ƙona yistin ne, wawa. Bari sha'ir ya huce, sannan ka ba randa ɗumi. Amma ka ji ni da kyau, giya numfashi take yi, kar ka kulle ta inda kai ma za ka shiga."

Ya riƙe rabin maganar, ya zubar da rabi. Domin ba lalacewar giya ya fi tsoro ba, warinta yake tsoro, kar maƙwabta su ji. Ya cika randuna, ya sauke su cikin ramin ajiyar dankali da ke bayan gida. Sanyi ya hana su tashi, sai ya kai musu kaskon garwashi. Ya rufe bakin ramin da katako, ya toshe kowace kafa da tsumma da laka.

Matarsa ta ce, "Baban Ersa, me ka binne a can da ka hana ni ɗebo dankali?"

"Ɓeraye nake wa hayaƙi. Ki ji da tukunyarki."

Ranar wata Juma'a da hantsi, mutane na shirin masallaci, ya ɗaga katakon ya sauka. Bai fito ba. Matar ta leƙa, ta kira, ba amsa sai ƙarar ɓul-ɓul daga cikin duhu. Ta kwarma ihu. Jama'a suka taru. Wan mutumin zai faɗa ciki, wani dattijo ya riƙe shi, ya ɗaura fitila a igiya ya zura. Ina wurin. Babu iska ko kaɗan, amma fitilar na kai rabin ramin ta mutu, kamar an hure ta. Duk muka ja da baya.

Sai da aka fasa gefen ramin iska ta ratsa, sannan aka shiga. Aka same shi durƙushe babu rai, goshinsa a kan randa, kamar mai sujada.

Ya 'yan uwa, ba wuta, ba wuƙa, ba ɗigon jini. Numfashin ƙwayar sha'ir da na garwashi kaɗai Allah ya aiko, abin da ido ba ya gani. Ya toshe kafofi don kar mutane su ji wari, ya manta da Wanda babu laka da ke toshe ganinsa. Wa ya san a kan me goshinsa zai kasance ranar da za a zo ɗaukarsa?

Allah ya kiyaye mu da saɓon ɓoye, ya sa mu cika goshinmu na ƙasa dominsa. Amin.