Gwauruwa da Jajayen 'Yan Tsaki

Akwai wata gwauruwa a wani ƙauye, tana da ɗan lambu a bayan ɗakinta, da akurkin kaji a gindin darni. Lambun ƙarami ne, amma ta san kowane tushe da ke cikinsa: alayyafo da yakuwa a gefe guda, kuɓewa a tsakiya, tattasai kuma kusa da rijiya. In ganye ya yi yawa sai ta watsa wa kaji, kashin kajin kuma ta share ta zuba wa lambu. Da haka take ci, da haka take ciyar da 'yarta Keziya.

Kajin nan irin na mahaifiyarta ne, da su aka kawo ta gidan miji. Wata shekara annoba ta shiga ƙauyen ta share akurkin, ba ta bar mata ko zakara ba, sai tsohuwar kaza guda ɗaya. Sau biyu kazar ta yi kwanci ta ƙyanƙyashe, sau biyu shirwa ta kwashe 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya. Gama babu duhuwar da ɗan tsako zai ɓuya a fili, matar kuwa ba za ta iya jan ruwa a rijiya idonta yana sama ba.

A karo na uku kazar ta fito da 'yan tsaki tara. Matar ta dubi kazar, ta ga tsufa ya kama ta, ta san in waɗannan suka tafi, irin kajin mahaifiyarta ya ƙare ke nan. Sai ta tuna abin da ake yi a garinsu. Can akan rina 'yan tsaki da galura, garin rinin nan da masu saƙar tabarma suke rina kaba da shi, don shirwa ta gan su daga sama ta kasa gane abincinta ne. Tun da ta zo gidan miji ta bar wannan al'ada, domin ba mai yi a ƙauyen, ita kuma tana jin kunya.

Ta tafi kasuwa ta sayo jar galura, ta dama a kasko, ta shafe 'yan tsakin tara tun daga kai har wutsiya. Uwarsu ma da ta gan su sai ta ja da baya tana tada gashi. Amma da ta ji kukansu ta gane su, ta buɗe musu fikafikanta.

Kafin rana ta yi tsaka, labari ya gama ƙauye. Mata suka riƙa leƙowa ta saman darni suna tuntsira dariya. Wata ta ce, "Maman Keziya, biki za ki kai su ne? Saura kwalli!" Wata kuma ta yi ƙasa da murya ta ce wannan ba banza ba, tsafi ne. Abin ya yi wa matar zafi ƙwarai, har ta shiga ɗaki ta yi hawaye, amma ba ta taɓa ruwa da sabulu don wanke 'yan tsakin ba.

Sai wan mijinta ya zo, shi ne babba a gidan, mutumin da ba a mayar masa da magana. Ya tsaya a bakin lambu ya ce, "Maman Keziya, kin mai da gidanmu abin dariya. Tun kakanninmu ba a taɓa rina kaza a gidan nan ba. Ki wanke su yau."

Matar ta durƙusa kamar yadda ya kamata, ta ce, "Yaya, girmanka yana nan, amma ba zan wanke ba. Sau biyu na ji kunyar mutane, sau biyu shirwa ta ƙoshi. Masu dariyar nan, wa ya taɓa zuwa ya taya ni kora? Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Su yi ta dariya har haƙoransu su bushe."

Washegari ta ƙara musu galura, ta kuma sake su a fili inda kowa zai gani.

Shirwa ta zo kamar yadda ta saba. Ta yi shawagi a kan lambun, inuwarta ta ratsa alayyafo, ta sake zagayowa, ba ta sauka ba. Sai ta karkata zuwa sashen wan mijin, inda kazarsa take yawo da 'yan tsaki goma sha biyu, farare tas. Ta suri ɗaya. Kashegari ta dawo ta suri wani. Haka ta mai da ƙofarsa wurin cin abincinta, har saura biyar.

Ranar kasuwa, da ya ga ƙauye ya yi tsit, mutumin ya lallaɓo da 'yan tsakinsa biyar a cikin kwando, ya rufe su da tsumma. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ko akwai sauran abin nan naki?" Matar ba ta yi masa gori ba. Ta ɗauko kasko da murna ta ajiye a gabansa.

Mutumin ya tsoma yatsa ɗaya a galura, ya ɗaga fiffiken ɗan tsako, ya ɗiga masa a ƙarƙashi, ya mayar da fiffiken ya rufe. Haka ya yi wa duka biyar ɗin.

Matar ta ce, "Yaya, a bayansu ake shafawa. Shirwa daga sama take kallo, ba ta ɗaga fiffike."

Ya ce, "Dattijo kamata, a ga jajayen kaji a ƙofata, bayan abin da na faɗa a gaban jama'a? Ai dai an shafa." Ya ɗauki kwandonsa ya tafi. Girman kai rawanin tsiya!

Mako bai cika ba, shirwa ta kwashe biyar ɗin nan duka. Na gwauruwar kuwa, ɗaya ya faɗa bokitin ban ruwa ya mutu, ta kuwa yi baƙin cikinsa. Takwas suka rayu. Duk sa'ad da sabon gashi ya tsiro launin ya dushe, sai ta sake damawa ta shafa, har suka yi girman da shirwa ba ta iya ɗauka. Wan mijin ya zo ya tsaya a bakin darni yana kallonsu suna tonon ƙasa a gindin kuɓewa, ya ce, "Galurar nan taki ba ta yi mini aiki ba."

Ta ce, "Kasko ɗaya muka tsoma hannu, Yaya. Taka ce shirwa ba ta gani ba."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan tsakin nan mu ne. Shirwa ita ce Mugun, wato Shaiɗan, wanda yake shawagi yana neman wanda zai sura. Galura kuwa ita ce shaidar cewa mu na Almasihu ne, shaidar da ake gani a bakinmu da hannunmu da tafiyarmu. Masu leƙowa ta saman darni kuma kun san su, wataƙila da su kuke cin tuwo.

Ban ce mai bin Almasihu ba zai sha wahala ba, ai gwauruwar ma ta yi kuka, ta kuma yi rashi. Amma ku lura. Matar da duk kasuwa ta san ba ta cika ƙasan kwando da ruɓaɓɓen tumatir, ba a zuwa koya mata wannan dabara. Saurayin da ya ce a'a da ƙarfi a gaban abokansa, za su yi masa dariya kwana biyu, a rana ta uku su daina kiransa. Wanda ake ja kullum shi ne mai cewa, "Bangaskiyata tana cikin zuciya," alhali daga Litinin zuwa Asabar ba mai iya bambanta shi da kowa. Ran Lahadi yakan zo majami'a ya ɗaga mana fiffike mu ga ɗigon, ya mayar ya rufe kafin ya kai ƙofa.

'Yan'uwana, dariya ba ta taɓa kashe ɗan tsako ba. In sun ce kun fita dabam, ku ce haka ne, mun fita. In launin ya fara dushewa, ku koma ga addu'a ku sabunta shi. Wanda yake ɓoye shaidarsa don kada maƙwabta su gani, bari ya sani ba maƙwabta kaɗai ya ɓoye wa ba. Shirwa ma ba ta gani ba, tana kuwa nan tafe.